Dattijuwa Ba Ta Tashi Sai da Turi

"Kaka ta ce kada danginku su zo ranar Asabar."

Nuruddeen bai ma gama rufe ƙofar motarsa ba Sadiqa ta jefe shi da wannan magana. Tana tsaye a bakin zauren gidansu da ke Roni, ta harɗe hannuwa a cikin hijabi, idanunta sun yi ja kamar wadda ta wuni tana hura wutar ɗanyen itace. Asabar ɗin nan ce aka shirya kawunnansa za su taso daga Kazaure a sa musu ranar aure. Har goro an saya, yana can ɗakin mahaifiyarsa ana yayyafa masa ruwa safe da yamma.

"Wasa kike yi ko?"

"Na yi maka kama da mai wasa, Yaya Nuru?"

Hajja Kaka ce ta raini Sadiqa tun rasuwar mahaifinta, kuma a gidan nan in ta ce a'a, ko kaza ba ta ƙara ƙyarƙyara.

"To me na yi?"

"Shekaranjiya da hantsi ina ka je?"

"Garin Gwiwa. Na kai ogana taro."

"Ka ga Kaka a gindin darbejiyar bakin titi, ita da ƙawayenta, sun dawo daga gaisuwar rasuwa?"

"Na gan ta mana! Har tsayawa na yi na gaishe ta. Oga ne a baya yana ta duba agogo, shi ya sa ban fito ba. Amma wallahi na rusuna har goshina ya taɓa sitiyari. Na ce Hajja yaya ƙarin haƙuri. Ita ma ta kalle ni sosai."

"Ta kalle ka," in ji Sadiqa, tana jan kowace kalma. "Ita cewa ta yi motarka ta zo ta tsaya a gabanta baƙa ƙirin, ta ƙare mata kallo, ta ja ta yi gaba. Ba ni mukullin."

Ta shiga mazaunin direba ta ja ƙofa. Shi kuwa ya tsaya a waje kamar wanda aka shuka. Ya leƙa. Ba abin da ya gani a jikin gilashin sai wani saurayi mai karkatacciyar hula da buɗaɗɗen baki. Can sai ta turo ƙofar.

"Me na yi maka yanzu?"

"Ban ga komai ba."

"Gwalo na yi maka har harshena ya gaji."

Ya dafa motar yana kallonta. Wannan mota ita ce mafarkinsa tun yana ɗalibi: otomatik, ga esi mai sanyin randa, ga allo mai nuna maka bayanka, ga kujeru masu rungumar mutum. Baƙin gilashin kuwa shi ya sa aka manna da bakinsa, don ya riga ya hango ranar da za a ɗauko masa Sadiqa, ba ya son idon kowa ya rigayi nasa. Daga ciki kana ganin duniya tarwai, har ka manta ita duniyar ba ta ganinka. Tun da ya saye ta, haka yake gaida kowa. Dattawan majalisar Malam Daudu da ke ƙofar masallaci, masu shayi, 'yan acaɓa, duk ya rusuna musu, ya ɗaga musu hannu, ya tambayi iyali, yana jin daɗin kansa a matsayin yaro mai ladabi.

"Innalillahi," ya ce. "Duk garin ne."

"Duk garin ne," in ji Sadiqa. Sai hawayen da take ta riƙewa suka zubo. "Kai da motar nan taka! Tun da ka saye ta, in ka zo zance rabin hirar a kanta take ƙarewa. To ga shi ta yi maka zancen ita ma."

Hajja Kaka tana tsakar gida a kan darduma, kaskon turaren wuta a gefenta, tana tsinke zogale a faifai. Nuruddeen ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da ita.

"Hajja, barkanku da yamma."

Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. "Ke Sadiqa, kamar na ji motsi. Ni dai ban ga kowa ba. Ko an zuge gilashi ne?"

Ya yi bayani tun daga farko har ƙarshe. Ta bar shi ya gama.

"Gaisuwar da ba a gani ba, ai sitiyarinka ka gaisar, ya amsa maka. Ni abin da na sani, ƙawata Rahamatu ta dube ni a gaban mutane ta ce, 'Hajja, ashe wannan ne surukin namu?' Rahamatu fa! Matar da ko ɗan akuya ba ta taɓa aurarwa da mutunci ba. In tun yanzu haka ne, ranar da ka kulle min jika a cikin gida sai mu riƙa gaida katanga."

Ana haka Baba Kura ya fito yana ɗingishi, ƙafarsa ta hagu ɗaure da tsumma. Shi ne yayan mahaifin Sadiqa, kuma waliyyinta, tsohon ɗan kasuwar hatsi da ya ci ƙuruciyarsa a hanyar Babura. Ya yi targaɗe a gona.

"Hajja, a bar yaron nan haka. Ni damuwata tafiyarki ta gobe wajen Adda. Ƙafar nan ba za ta taka kulochi ba."

Adda ƙanwar Hajja Kaka ce, tana Babura, ta tashi daga jinya. Nuruddeen ya ga ƙofa ta buɗe, ya faɗa da ka.

"Ni zan kai ta, Baba! Ga mota a waje, ko ƙura ba za ta taɓa ta ba."

"A cikin wannan akwati?" in ji Hajja Kaka. "Na shiga inda ba a ganin mutum tun ban mutu ba? Ko Dattijuwa, ko ƙafata."

Dattijuwa ita ce motar Baba Kura. Ta girmi Nuruddeen, ta girmi auren iyayensa. An ce fara ce a da. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, salansarta kuwa in ta yi tari a Roni sai karnukan ƙauyukan kewaye su amsa.

Sadiqa ta rako shi zaure tana raɗa, "Ka iya mai giya kuwa?"

"Mota ai mota ce," ya ce. Rabonsa da kulochi tun ranakun koyon tuƙi, kuma ko a lokacin ba su rabu da daɗi ba.

Da safe ya tarar an ajiye Dattijuwa a kan gangaren ƙofar gida, an tare tayarta da dutse. A nan take kwana kullum, don batirinta ya daɗe da yin murabus. Hajja Kaka da Sadiqa suka shiga baya da ƙullin tsaraba, Baba Kura ya zauna gaba ya miƙe ƙafa kamar hakimi.

"Sa ta a giya ta biyu. Taka kulochi. In ta ɗauki gudu ka saki a hankali. A hankali na ce, ba mari ba!"

Aka janye dutsen, motar ta gangara, ta yi tsalle kamar akuyar da aka ɗana wa wuta, ta yi tari, ta kama. Ƙullin tsaraba ya faɗo, ƙuli-ƙuli ya watse a ƙasa.

"Sannu, direban jirgi," in ji Hajja Kaka.

Ba su yi nisa ba Baba Kura ya ce, "Rage, ga su Malam Daudu." Nuruddeen ya taka birki kamar yadda ya saba a tasa, ya manta da ƙafar hagu. Dattijuwa ta yi shaƙuwa ɗaya ta mutu, daidai gaban majalisar, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa marar gangare ko na ɗigon ruwa. Ya murza mukulli. Ƙyas. Ya sake murzawa. Ko ƙyas ɗin ma babu.

Ga 'yan acaɓa nan jere a ƙarƙashin bishiya, ƙarti majiya ƙarfi. Suka dubi direban, suka dubi dattawa. Dattawan suka ɗaga kai suna nazarin hadari.

"Ikon Allah," in ji Baba Kura yana sosa gemu. "Ni kullum a nan kafin ta gama mutuwa an tura ni. Yau ko me ya faru?"

Nuruddeen ya ji zufa na gangarowa ta cikin rigarsa mai guga. Ya dubi madubi, ya haɗu da idon Sadiqa, ido mai cewa in ka ƙara murza mukullin nan ni da kai ne. Ya fito. Ya tuɓe takalmi a kan tsakuwa mai zafi, ya je ya durƙusa gaban tabarma.

"Allah ya gafarta Malam, barkanku da hantsi."

Malam Daudu ya gyara tabarau. "Wa nake gani haka? Jama'a, ashe yaron nan yana da fuska! Mu mun zaci motar ce ke neman auren, ita kaɗai take zuwa."

Dariya ta tashi har wajen mai shayi. Nuruddeen ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tambaye shi gida, ya tambaye shi aiki, ya tambaye shi damina, wani tsoho mai nauyin ji ya sa ya maimaita komai da ƙarfi. Sai da gwiwoyinsa suka yi tsami don durƙuso sannan Malam Daudu ya ɗaga haɓa wajen bishiyar.

"Sama'ilu, ku taimaki Dattijuwa. Ba ita ta yi laifi ba."

Da suka hau titi Baba Kura ya buɗe bakin da bai sake rufewa ba. "Ka gani ko? Mai motar da ba ta tashi sai da turi, dole ya san sunan kowa. Ku kuwa naku motocin, danna nan, danna can, kamar mai aika saƙo a waya. Wannan tuƙi ne? Zama ne kawai."

"Baba, ai ci gaba ne. Mutum ya isa inda za shi bai gaji ba, bai yi warin fetur ba."

"Warin fetur? Wannan ƙamshi ne!"

"Baba, ya cinye turaren da na sa tas," in ji Sadiqa daga baya. "Kuma ƙasan motar nan yana gasa min ƙafa."

"Ki ɗora a kan buhu. Sa ta uku, yaro, ba ka ji tana roƙonka ba?"

Ba ya jin roƙon komai sai ƙara. Sitiyarin nauyi gare shi kamar dutsen niƙa, giyar kuwa sai ka lalubo ta kamar mai neman allura a cikin buhun dusa. Ga shi kowane ƙauye akwai wanda Baba Kura ya sani. Wannan sun yi cinikin gero tare, wancan ya taɓa ara masa taya, wancan kuma surukin wanda ya ara masa tayar ne. Kowace gaisuwa sai an rage gudu, kowane rage gudu Dattijuwa sai ta nemi mutuwa, wani lokacin ta samu. Aka tura su a gaban wani injin niƙa. Aka tura su a wata mararraba. A can gaba wasu masu noman gyaɗa suka ajiye fartanya suka tura su, bayan Nuruddeen ya sauka ya gaishe su har da tambayar yabanya. A ransa yana rantsuwa cewa in ya koma gida zai sumbaci sitiyarin motarsa ya nemi gafararta.

Suna shiga Kazaure hadarin da dattawa suka yi ta nazari ya cika alkawari. Iska ta kaɗa, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

"A ɗaga gilashi!" in ji Nuruddeen yana lalube a jikin ƙofa. Ba abin da ya taɓa sai wani guntun ƙarfe.

Baba Kura ya buɗe aljihun gaban mota cikin natsuwa, ya fito da mariƙin murza gilashi guda ɗaya tal. Shi ne na duk ƙofofin huɗu. Ya miƙa baya da hannu biyu. "Hajja, bismilla."

Hajja Kaka ta sa mariƙin, ta murza a hankali kamar mai kaɗa miya, ta huta, ta ci gaba. Daga ita sai Baba Kura, don shi ne na biye a shekaru. Sannan aka tsaya gardama ko Nuruddeen ne ya girmi Sadiqa ko kuwa mace ce ta fi cancanta. Kafin mariƙin ya iso hannunsa, ruwa ya gama da shi har cikin aljihu.

"Amma dai ka lura," in ji Baba Kura, "Dattijuwa ba ta taɓa yoyo ba." Daidai nan wani ɗigo ya sauko daga rufi ya sauka a tsakiyar hularsa. Ya matsa gefe. Sadiqa ta cusa fuska a hijabi, kafaɗunta na girgiza.

Ruwan bai daɗe ba. Da suka fita daga gari, duwatsun Kazaure suna bayansu sun yi wanka suna ƙyalli, aka sake zagayawa da mariƙi aka sauke gilasai. Titi ya miƙe, gero ya yi kore shar dama da hagu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar har ya kori fetur. Baba Kura ya fara gyangyaɗi.

A nan ne abin ya faru, ba tare da Nuruddeen ya shirya masa ba. Ya ji ƙarar injin ta hau, ta kai wani wuri ta tsaya tana jira, kamar mai waƙa da ya ja baiti yana jiran amshi. Ƙafarsa ta taka, hannunsa ya tura, giyar ta shige sumul ba ko ƙara. Dattijuwa ta sauke ajiyar zuciya ta miƙe. Ya ji titin a tafin hannunsa, kowane ɗan tudu, kowane lanƙwasa. Iska na busar masa da riga. A cikin tsagaggen madubi ya ga Sadiqa ta jingina kai da ƙofa, gefen hijabinta na kaɗawa, ta kama shi yana kallonta ta kawar da kai tana murmushi. Zuciyarsa ta cika har ya ji tsoron kada ta fashe. Bai taɓa jin haka a cikin tasa ba, inda komai shiru ne, komai santsi, har mutum ya isa bai san ya yi tafiya ba. Haushi ya kama shi da ya gane yana jin daɗi.

Can gaba wata tsohuwa ta tsaya a gefen titi da damin harawa a ka, tana jiran su wuce saboda wani kududdufi. Ba wanda ya san ta. Baba Kura yana munshari. Nuruddeen ya taka kulochi, ya sauko da giya, ya ratsa ruwan a hankali don kada ya fallatsa mata, ya leƙo da kai waje.

"Sannu Inna! Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, ɗan nan! Allah ya kai ku lafiya!"

Dattijuwa ba ta mutu ba. Ya ƙara mata wuta suka wuce. Daga kujerar baya sai ya ji ƙarar ƙuli-ƙuli a bakin Hajja Kaka, wadda tun safe ta ƙi cin komai.

Sun isa Babura bayan azahar. Adda ta fito tana dogara sanda, 'yan'uwan suka rungume juna suna gaisawa da Barbarci, har da 'yar ƙwalla. Sannan Adda ta dubi saurayin da ke sauke kaya, riga a yamutse, baƙin mai a goshi, hula ta lanƙwashe kamar ganyen kabewa.

"Wannan kuma sabon yaron mota Baba Kura ya samu?"

Hajja Kaka ta dube shi sama da ƙasa, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta juya ga Adda.

"Danginsa ne za su zo mana ranar Asabar. Ki warke da wuri, ke za ki raba goro. Rahamatu kuwa nata ni zan kai mata da hannuna."

Nuruddeen ya zube a ƙasa. "Na gode, Hajja. Allah ya ƙara girma."

"Tashi, ka ɓata wando. Saura magana ɗaya." Ta dafa ƙugu ta yamutsa fuska. "Ni zan kwana biyu a nan. Ranar Alhamis ka zo ka ɗauke ni a waccan taka mai sanyin. Wannan tarkacen ta karya min baya."

"Hajja!" in ji Baba Kura, kamar an soke shi.

"Yi min shiru, shekara nawa ina haƙuri da ita. Kai kuma ka kunna sanyin nan har ƙarshe, ka sauke gilasan duka huɗu."

"Hajja, ai in an sauke gilashi sanyin fita zai yi."

"Ya fita mana. Shi ma ya gaida mutane."

Ta shige gida ta bar shi da baki buɗe. Ya juya wajen Sadiqa yana neman mai taya shi jin haushi, ya tarar ta sunkuyar da kai, hawaye da dariya sun haɗe mata. Ya so ya gaya mata magana mai daɗi, irin wadda ya tanada tun a hanya, sai Baba Kura ya yi gyaran murya daga cikin mota.

"Malam Nuru, mu kama hanya kafin la'asar. Amma fa a ina ka ajiye min ita?"

Nuruddeen ya duba. Don ɗoki ya kashe Dattijuwa a tsakiyar fili, ƙasa shimfiɗe kamar faranti, a garin da bai san kowa ba. Can tsallaken hanya wasu mutane na zaune a kan buhunan dawa suna lissafin sefa da wani Banijare, ba wanda ya ko ɗago kai.

Ya yi tsaki mai tsawo, ya gyara lanƙwasasshiyar hularsa.

"Riƙe min mukullin," ya ce wa Sadiqa. Ya tsallaka hanya, tun daga nesa ya fara tuɓe takalmi.